Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: Nasiha Ga Matasa Masu Koyon Turanci

Ya ku ƙannena da 'ya'yana masu neman ilimi, akwai wani yanki na Turanci da ake yawan tsallakewa a azuzuwanmu, ina kuma so ku koma ku ɗauko shi da kanku. Yaro zai gama sakandare ya san sunan kowace gaɓa ta jiki, tun daga gashin kai har farcen ƙafa. Ya san "eye", ya san "mouth", ya san "shoulder". Amma ka tambaye shi abin da idon yake yi, ko bakin, ko kafaɗar, sai ya yi turus. An harari mutum, zai ce "he looked at him". An ƙura wa mutum ido, "he looked at him". An saci kallonsa, nan ma haka. Abubuwa uku da ɗan shekara biyar ya san bambancinsu a Hausa sun dunƙule sun zama ɗaya da zarar an juya harshe zuwa Turanci.

Wannan rashi yana bin mutum har inda bai zata ba. Mai karanta littafin adabi don jarrabawar WAEC ko NECO zai wuce ta kan kalmomin da marubuci ya ɓoye halin taurarinsa a ciki, ya fito da labari tsirara, bai san wa ke ƙaunar wa ba, wa ke raina wa. Ma'aikaciyar jinya za ta ga yadda majinyaci ya yamutsa fuska da aka taɓa cikinsa, ta rasa kalmar da za ta rubuta wa likita. Ɗan jarida da mai ba da shaida da mai yin tafinta duk aikinsu shi ne su faɗi abin da idonsu ya gani, kuma kaso mai yawa na abin da ido ke gani a wajen ɗan Adam motsin jiki ne. Hatta 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda suka yi boko da Faransanci, abin ya iso ƙofarsu, tun da a 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta ajiye Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Abu ɗaya nake so ku riƙe: kalmar motsin jiki ba hoton motsi kaɗai take ɗauka ba, tana ɗauke da hukunci a kan mai motsin. Wanda ya mallaki waɗannan kalmomi zai iya faɗin gaskiyar abin da ya gani ba ƙari ba ragi, zai kuma iya bayyana tarbiyyarsa ga baƙo ba tare da ya zubar da ita ba.

Ku fara daga gida

Kada ku shiga wannan karatu kamar matalauta. Hausa ta yi muku guzuri tun kafin ku tashi. Ku dubi fuska kawai: murmushi, yaƙe, yatsina, gatsine, gwalo, ɗaure fuska, murtuke fuska, turo baki, taɓe baki, cije leɓe. Ku dubi ido: harara, ƙifta ido, kashe ido, zare ido, lumshe ido, ƙura ido, satar kallo, kallon hadarin kaji. Ku sauko kan kai da wuya: gyaɗa kai, girgiza kai, sunkuyar da kai, sosa ƙeya, tagumi. Ga tafiya kuma: taƙama, rangwaɗa, yanga, sanɗa, ɗingishi, tangaɗi, sassarfa. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya riga ya iya rarrabe waɗannan tun yana goye, domin harara ɗaya ta uwa ta ishi yaro ya ajiye abin da ya ɗauka a gidan mutane. Idonku ya riga ya koyi darasin. Abin da ya rage shi ne sunan kowane abu a ɗaya harshen.

Saboda haka ku samu littafin rubutu, ku ja layi a tsakiyar shafi. A ɓangare ɗaya ku zuba kalmomin Hausa na motsin jiki, duk wadda ta zo muku, da waɗanda za ku ji a bakin kakanninku. Sannan ku shiga farautar takwarorinsu. Akwai ƙamusoshi da aka yi wahala a kansu domin irin wannan aiki: na Bargery da ya fito a 1934, wanda yanzu ana samunsa a intanet, na Abraham na 1949, Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, na Roxana Ma Newman na 1990 mai tashi daga Turanci zuwa Hausa, da na Paul Newman na 2007 mai tashi daga Hausa zuwa Turanci. Idan kalmar Hausar ce ta shige muku duhu, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. In kun samo kalmar Turancin kuma, kada ku tsaya nan. Ku duba ta a ƙamusun masu koyo irin na Oxford ko Longman, ku karanta jimlolin misali, domin a cikin jimla ne halin kalma yake fitowa.

Kowace kalma da hukuncinta

Mu ɗauki murmushi. "Smile" ita ce uwa, ba ta da laifi. "Grin" murmushi ne mai faɗi har haƙora su bayyana. "Beam" na wanda farin ciki ya cika shi har fuskarsa ta haskaka. Amma "smirk" murmushin mai jin kai ne, ko na wanda ke jin daɗin faɗuwar wani, "sneer" kuwa taɓe baki ne na raini tsagwaronsa. Leɓe biyu ne suka motsa a duka biyar ɗin. Idan ka rubuta cewa ɗalibi ya yi "smile" lokacin da malami ke masa faɗa, ka bar ƙofa a buɗe: wataƙila kunya ce, wataƙila tsoro. Idan ka rubuta "smirk", ka riga ka yanke masa hukuncin rashin kunya.

Haka kallo yake. "Glance" kallo ne na ɗan lokaci. "Stare" ƙura ido ne, sau da yawa irin wanda ke takura mutum. "Gaze" dogon kallo ne mai taushi, na sha'awa ko na mai tunani. "Glare" kallon fushi ne, ita ce mafi kusa da harararmu. "Peer" na wanda ke ƙoƙarin gani ne a duhu ko saboda raunin ido. "Peep" leƙe ne. "Squint" ƙanƙance ido ne saboda rana ko don a gani da kyau. "Leer" kuwa kallon banza ne da namiji ke bin mace da shi, kuma jingina wa mutum wannan kalma ba tare da hujja ba ƙazafi ne.

Ku lura da tafiya. Mai "stroll" yana tafe hankali kwance. Mai "stride" yana taku mai faɗi, ya san inda ya dosa. Mai "strut" da mai "swagger" taƙama suke yi. Mai "trudge" gajiya ta ci shi, yana jan jiki. Mai "tiptoe" yana sanɗa a kan yatsun ƙafa don kada ya ta da mai barci, amma mai "sneak" yana sanɗa ne don kada a kama shi. "Limp" ɗingishi, "stagger" tangaɗi, "shuffle" jan ƙafa ba a ɗaga ta sosai. A asibiti wannan bambanci yana iya zama mabuɗin gano cuta, domin jan ƙafa da gajerun taku da rawar hannu suna cikin alamun cutar da ake kira da sunan James Parkinson, likitan Landan da ya bayyana ta a 1817. Ku masu burin aikin lafiya, ku haddace "wince", wato ɗan zabura da yamutsa fuska don zafi, da "grimace", da "tremble", da "twitch", da "clutch" na mai dafe wurin da ke masa ciwo. Majinyaci yakan ce "da sauƙi" saboda dauriya, alhali jikinsa yana ba da wani labari daban.

Dariya ma haka: "chuckle" 'yar dariya ce ƙasa-ƙasa ta jin daɗi, "giggle" ƙyalƙyalawar yara ce, "snigger" kuwa dariyar ƙeta ce a ɓoye. Wanda ke kiran duk waɗannan "laugh" ya yi kama da mai awo da ke kiran daddawa da kanwa da citta da barkono duka "kayan miya": bai yi ƙarya ba, amma ba wanda zai iya girki da bayaninsa.

A nan ne amana ta shigo. Idan an kira ka shaida, ko kana rubuta rahoto a kan abokin aiki, ko kana yi wa dattijo tafinta a gaban likita ko alƙali, zaɓin kalma ɗaya zai iya wanke mutum ko ya shafa masa baƙin jini. In ba ka da tabbacin niyyar mutum, ka ɗauki kalmar da ta tsaya a kan motsi, ka bar mai hukunci. Ka ce ya kawar da kai, kada ka ce ya yi biris. Ka ce ya yi shiru, kada ka ce ya yi fushi, sai in ka tabbata.

Kalma da abokiyar tafiyarta

Kada ku haddace kalma ita kaɗai. A Hausa muna gyaɗa kai, muna girgiza kai, muna ƙyasta yatsa, muna harɗe ƙafa, ba mai cewa ya gyaɗa yatsa. Turanci ma yana da irin wannan aure tsakanin aikatau da gaɓa. Ana cewa "raise your eyebrows" don ɗaga gira, "roll your eyes" don juya ido na ƙosawa, "purse your lips" don tsuke baki, "clench your fist" don dunƙule hannu, "fold your arms" don rungume hannu a ƙirji, "wring your hands" don murza hannuwa cikin damuwa, "clear your throat" don gyaran murya, "snap your fingers" don ƙyasta yatsa. Ku ɗauke su a dunƙule, kamar kalma ɗaya.

Akwai ƙananan tarkuna da ya kamata ku sani. "Nod" tana iya tsayawa ita kaɗai, "he nodded" ya wadatar a gane ya gyaɗa kai. Amma girgiza kai sai an ambaci kan, "he shook his head", domin "he shook" kawai yana nufin jikinsa ya yi rawa. "Blink" ƙifta ido biyu ne da kowa ke yi ba da niyya ba, "wink" kuwa kashe ido ɗaya ne da gangan, saƙo ne, kuma musanya su zai iya jefa mai magana cikin abin kunya. Ku riƙe 'yan ƙananan kalmomin da ke biyo baya: ana "stare at", "frown at", "wave at" ko "wave to".

Daga nan sai ku hau matakin salon magana. Yadda Bahaushe zai ce wane ya yi cizon yatsa ko da bai kai yatsa baki ba, haka Bature zai ce wani abu ya "raise eyebrows", wato ya jawo mamaki da 'yan maganganu, ko wane ya "turn a blind eye", wato ya yi kamar bai gani ba, ko ya ba wani "the cold shoulder", wato ya share shi. Jaridunsu cike suke da irin waɗannan, kuma wanda ya san motsin na asali ba zai sha wahalar gane salon ba.

Inda hanya ta rabu

Za ku tarar da wasu motsinmu da Turancin Ingila bai tanadar wa suna guda ba. Tsaki ne kan gaba. A Turancin Najeriya mukan ce "hiss", kuma a tsakaninmu ana ganewa. Amma ɗan Landan in ya ji "hiss", huci irin na maciji ko na kyanwa ne zai zo masa. Abin da ya fi kusa shi ne "suck your teeth" ko "kiss your teeth", kuma waɗannan sun yi ƙarfi ne a bakin baƙaƙen fata na tsibiran Karebiyan da zuriyarsu. A 1976 masana biyu, John Rickford da Angela Rickford, sun wallafa nazari a kan tsaki da irin hararar da ake kira "cut-eye" a Guyana da wasu sassan Karebiyan da Amurka, suka nuna cewa asalinsu daga Afirka ne. Ku yi tunani a kan wannan: mutanen da aka kwashe a jiragen bayi, aka raba su da harsunansu, tsaki da harara sun haye teku tare da su, jikokinsu suna yi har yau.

Tagumi ba shi da kalma ɗaya, sai ka siffanta: ya tallafe kumatu ko haɓa da hannu. Kuma ga Bature wannan zama na iya nuna tunani ko gundura kawai, alhali mu in mun ga yaro ya yi tagumi, cire masa hannu muke yi mu tambaye shi abin da ke damunsa. Zunɗe ma sai an ce "point with the lips". Maƙe kafaɗa irin na yaron da ya ƙi karɓar abu daban yake da "shrug", wadda take ɗaga kafaɗu ce ta "ban sani ba" ko "ko oho". Guɗa tana da kalma, "ululate", sai dai kalmar littafi ce, ba kasafai ake jin ta a hira ba.

Biyu daga ciki suna buƙatar taka-tsantsan na musamman. Jinjina a wajenmu girmamawa ce, ita ake yi wa sarki ranar hawan salla. Amma "shake your fist" barazana ce, "raised fist" kuwa alamar bore da gwagwarmaya ce, irin wadda Tommie Smith da John Carlos suka yi a dandalin karɓar lambar yabo a gasar Olimfik ta birnin Mekziko a 1968. In kana ba baƙo labarin hawan daba ka fassara jinjina kai tsaye, zai ɗauka mahaya sun zo yi wa sarki tawaye ne. Dole ka ƙara da cewa gaisuwar mubaya'a ce. Daƙuwa kuma akasin haka ce. Buɗe tafin hannu da ware yatsu biyar a fuskar mutum zagi ne mai kai wa ga uwa a wajenmu, har sauran 'yan Najeriya suka ara suna kiran ta "waka". A Girka ma suna da irinta, zagi ce babba. Amma ga ɗan Amurka wannan hannu na iya nufin "biyar", ko "dakata", ko gaisuwa. In baƙo ya yi maka haka, kada ka yi saurin hawa dokin zuciya.

Haka durƙusawa da rusunawa da tsugunawa don gaida manya. "Kneel", "bow", "squat" da "crouch" suna ba da siffar jiki, amma "squat" da "crouch" ba su ɗauke da ladabi ko kaɗan, sai ka ƙara "in greeting" ko "out of respect". Ku guji "grovel" da "cower" a wannan wuri, domin su na ƙasƙanci da tsoro ne, kuma gaida iyaye ba ƙasƙanci ba ne.

Motsi ɗaya, fassara biyu

Tun a 1872 Charles Darwin ya rubuta littafi a kan yadda mutane da dabbobi ke bayyana abin da ke ransu, yana ganin akwai yanayin fuska da duk 'yan Adam suka yi tarayya a kai. A ƙarshen shekarun 1960 Paul Ekman ya je wajen ƙabilar Fore a Papuwa Niyu Gini ya gwada wannan, ya fito da cewa farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki suna da fuskokin da ake ganewa a ko'ina. Masana na baya sun yi ta jayayya da shi kan iyakar wannan magana. Abin da ba a jayayya a kai shi ne yawancin alamun hannu da na kai koyonsu ake yi, kamar yadda ake koyon harshe. A Bulgeriya, a al'adance, gyaɗa kai na nufin a'a, girgiza shi na nufin i. A Indiya akwai rausaya kai gefe da gefe, wadda ku masu kallon finafinansu kun sani, mai nufin amincewa ko "na ji". A Ingila ɗaga yatsu biyu da tafin hannu a waje alamar nasara ce, wadda Winston Churchill ya shahara da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, amma juyo bayan hannu ga mutane da yatsun nan biyu zagi ne. Mu muna yafito mutum tafin hannu na kallon ƙasa, Turawa kuwa "beckon" ɗinsu tafin hannu na kallon sama, wani lokaci da yatsa ɗaya, abin da dattijon Bahaushe zai ɗauka raini ne.

Wanda ya fi shafar ku shi ne ido. An tarbiyyantar da mu cewa ba a tsare babba da ido, sunkuyar da kai kunya ce da ladabi. A Ingila da Amurka kuwa ana koya wa yaro ya kalli mai masa magana, kuma mai yawan kawar da ido ana iya kiransa "shifty" ko "evasive", wato marar gaskiya mai kauce-kauce. Matashinmu zai zauna gaban masu tantance shi don aiki ko gurbin karatu, ko a sashen magana na jarrabawar IELTS inda ake hira da mai jarrabawa na minti 11 zuwa 14, ya sunkuyar da kai don girmamawa, a karanta shi a matsayin marar tabbas. Shawarata ita ce ku koyi abin da suke kira "eye contact": kallo mai natsuwa, a ɗan kawar, a dawo, ba ƙura ido ba. Ku yi shi a inda ake buƙatarsa, in kun dawo gaban mahaifanku ku sauke idonku yadda aka koya muku.

Ku kuma mallaki jimlar da za ku bayyana kanku da ita. Mace ko namijin da ba ya musabaha da wanda ba muharraminsa ba zai iya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna da fara'a, ya ce "I don't shake hands, but I'm very pleased to meet you". Jimla ɗaya ta kawar da zargin girman kai, addini bai taɓu ba, mutunci bai zube ba. Wanda ba shi da kalmomin kuwa, ko dai ya yi abin da zuciyarsa ba ta so, ko ya yi shiru a fassara shi yadda aka ga dama.

Kada ku zama bokayen fuska

Akwai wata kasuwa da ta buɗe a Facebook da TikTok da YouTube, inda ake koya wa mutane "karanta" zuciyar wasu daga motsinsu: wai wanda ya sosa hanci ƙarya yake, wanda ya rungume hannu yana ɓoye wani abu. Za ku ji ana cewa kashi 93 cikin 100 na sadarwa ba da kalmomi ake yi ba. Asalin wannan lissafi gwaje-gwajen Albert Mehrabian ne na 1967, inda aka fitar da kashi 7 ga kalma, 38 ga murya, 55 ga fuska. Amma gwajin ya taƙaita ne ga yadda ake gane so ko ƙi idan kalma ɗaya ta saɓa wa murya ko fuska, kuma shi kansa Mehrabian ya yi gargaɗin kada a shimfiɗa shi a kan kowace irin magana. Game da gano maƙaryaci kuwa, a 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara bincike sama da 200, suka tarar mutane suna dacewa ne kusan kashi 54 cikin 100, wato kaɗan suka ɗara mai canke. Mai rungume hannu wataƙila sanyi yake ji. Mai kawar da ido wataƙila ɗan gidan tarbiyya ne irinku. Fuska tana ba da labari, amma ba ta isa shaida ita kaɗai ba, kuma addininmu ya hore mu da nisantar yawan zato.

Yadda za ku koya

Na farko, ku aikata kalmar. In kun koyi "frown" ku ɗaure fuska, in kun koyi "shrug" ku ɗaga kafaɗa, in kun koyi "tiptoe" ku tashi ku yi sanɗa. Wani malamin jami'a a Amurka, James Asher, ya gina hanyar koyar da harshe sukutum a kan haɗa kalma da motsi tun shekarun 1960, kuma babu kalmomin da suka fi dacewa da ita kamar waɗannan. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ɗaya ya yi motsi, saura su faɗi sunansa.

Na biyu, ku ci moriyar finafinai. Akwai rubutun ƙasan allo da ake yi domin kurame, wanda ke rubuta har sautin da ba magana ba. A nan za ku riƙa ganin "sighs" in an yi ajiyar zuciya, "scoffs" in an yi sautin raini, "gasps" in an ja numfashin firgita, "stammers" in an yi in'ina, kuna gani kuna ji a lokaci guda. Sannan ku juya aikin: ku ɗauki fim ɗin Charlie Chaplin, ko Mr. Bean, ko na marigayi Rabilu Musa Ibro, ku kashe sauti na minti biyu, ku rubuta duk motsin da kuka gani da Turanci. Inda alƙalami ya tsaya, nan ne darasinku na ranar.

Na uku, ku karanta ƙagaggun labarai da fensir a hannu. Ku ga yadda Chinua Achebe a Things Fall Apart na 1958 ya gabatar da Okonkwo ta hanyar takunsa da girarsa da in'inarsa kafin mu ji tarihinsa sosai. Ku nemi The Stillborn na Zaynab Alkali na 1984, da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim na 2015, domin mutanen cikinsu 'yan Arewa ne, za ku ga yadda marubutanmu suka yi dabarar shigar da motsinmu cikin Turanci.

Na huɗu, ku yi bita a kan kari. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo. Ku almajiran allo kun san wannan da sunan tilawa. Kalma biyar a rana, a maimaita gobe, a maimaita bayan kwana uku, a sake bayan mako, ta fi hamsin da aka haɗiye a dare ɗaya.

Na biyar, ku fita ku yi kallo. Ku zauna a bakin kasuwa ko tasha, ku rubuta layi biyar a kan yadda ake ciniki: wa ya girgiza kai, wa ya taɓe baki, wa ya juya kamar zai tafi, wa ya yafito shi. Ku rubuta da Hausa, ku rubuta da Turanci, ku kai wa malaminku ya duba.

Daga ƙarshe, ku tuna cewa mai koyon sunayen motsi yakan fara lura da nasa motsin, kuma wannan ita ce babbar ribar. Alƙur'ani bai bar wannan fage ba: a nasihar Luƙman ga ɗansa an hana karkatar da kunci ga mutane don girman kai da tafiyar taƙama, an yi umarni da tsakaitawa a tafiya da sassauta murya, Manzon Allah kuma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya murmushi ga ɗan'uwa cikin sadaka. Ku san "sneer" da "smirk" da "glare" don ku gane su a littafi da fuskokin mutane, ku kuma tsare fuskokinku daga gare su. Ku ɗauki littafin rubutu yau ɗin nan, ku ja layin, ku zuba kalmomi goma na farko. Allah Ya buɗa muku basira, Ya sa iliminku ya amfane ku ya amfani al'umma.